An Ce In Sauke Yayana Daga Kujerarsa

Assalamu alaikum Anti Sabuwa. Don girman Allah ki taimaka min da shawara kafin watan nan ya ƙare, don mutum uku sun haɗa baki sun ɗora min aikin da su kansu suke tsoro, kuma wanda za a yi wa aikin yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ki ɓoye sunana. Sauran kuwa ki bar nasu yadda na rubuta, ai su suka jawo.

Bari in fara faɗa miki sana'armu, amma kada ki ajiye wasiƙar. Mu makaɗa ne a nan Dubai. Mu huɗu ne, muna kaɗa gogen Turawa, irin kiɗan nan da ake zama a kujera ana kallon takarda, babu waƙa babu rawa, 'yan kallo ma sai an kai aya suke samun damar yin tari. Mutum biyu suna riƙe ƙaramin goge mai siririyar murya, shi ake kira bayolin. Ɗaya yana riƙe wanda ya ɗan fi shi girma da kaurin murya, biyola ke nan, kuma ni ce mai ita. Na huɗu yana rungumar uwarsu duka, celo, wadda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Mai bayolin na farko shi ne jagora. Muryarsa ce ke sama, shi kowa yake ji, shi ke ba da alamar a fara. Wannan kujera ta Yaya Izzuddeen ce tun ranar da ya kafa ƙungiyar.

Mu 'yan Zariya ne. Muna yara wani malami Bature maƙwabcinmu da zai koma ƙasarsu ya bar wa Babanmu bayolin a cikin tarkacen da ya kasa ɗauka. Baba ya jefa shi saman sif, Yaya ya sauko da shi. Shekarar farko kajin gidanmu ma guduwa suke in ya buɗe akwatin. 'Yan uwan Baba mata suka yi ta zarya, wai ɗan gidan malamai ya ɗauki goge, saura a ga 'yan bori sun fara sallama a ƙofar gida. Yaya bai kula ba, har ya samu ya tafi Masar ya yi karatun abin sosai a makaranta. Duk hutun da ya dawo ni yake kamawa ya koya wa, da rula a hannunsa saboda yatsuna. Da ya samu aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ta jirgi, a unguwar Port Saeed nan Dubai, shi ya tsaya kai da fata gaban Baba har aka bar ni na biyo shi, shi ya yi min hanyar biza, ya samo min aiki a wani kantin magani. Da ya zo kafa ƙungiya babu mai biyola, sai ya ce in riƙe ta na ɗan lokaci kafin a samu wani. Ɗan lokacin nan har yau bai ƙare ba. Kuma a bakin Yaya biyola kayan malalata ce, wai wanda yatsunsa suka kasa gudu shi ake ba wa.

Mai bayolin na biyu ita ce Mahfuza, 'yar Jos, da ita muke zaune ɗaki ɗaya, tana koyar da yara kiɗa a wata makarantar kuɗi. Mai celo kuma Labaran. Shi asalinsa mai busa ne a ƙungiyar badujala, ya karya haƙorin gaba wajen shan rake, iska ta riƙa zurarewa, shi ne ya koma celo. Mutum ne mai haƙuri, sai dai duk inda za mu je sai an yi rigima da direban tasi, don celonsa ba ta shiga but, kujerar gaba take zama a ɗaura mata bel, mu kuma mu cushe a baya.

Malamarmu wata tsohuwa ce 'yar Armeniya mai suna Anahit, mu dai Goggo muke ce mata, har ta saba tana amsawa. Ta yi shekaru tana kiɗa a manyan ƙungiyoyi kafin ta biyo ɗanta nan. A falonta muke atisaye a unguwar International City, duk yammar da muka tashi aiki, maƙwabcinta ɗan Sin yana buga bango da takalmi, ita kuma tana buga tebur da cokalin shayi tana ihun shwayya shwayya, wato a hankali a hankali. Kuma Anti, wannan shwayya ɗin kusan kullum da Yaya take. Ban faɗa don in rage masa daraja ba, ya iya, ya fi mu ilimin abin nesa ba kusa ba. Amma gudu yake kamar wanda ya hango bas ɗin ƙarshe zai tashi, mu uku muna binsa a baya da haki. Ga hannunsa kamar faifai, in kiɗa ya hau can sama inda wurin yatsu ya matse sai ki ji tsirkiya tana kuka. Alamarsa ta farawa kuwa jan numfashi ce ta hanci, mai ƙarfin da wata rana a wajen wani taro wata baiwar Allah ta taso daga sahun gaba ta miƙo masa hankici.

Yanzu ga abin da ya faru. Akwai wata makaranta a Turai da ke ɗaukar ƙananan ƙungiyoyi irin tamu ta horar da su shekara guda, ta ba su wurin kwana da abinci, su yi ta kiɗa gaban manyan malamai. Ba sa ɗaukar mutum ɗaya, huɗu suke ɗauka ko su bar huɗu. Sai an tura musu bidiyon kiɗa kafin ƙarshen watan nan, tare da shaidar malami. Wannan ce damar da za ta fitar da mu daga kiɗan ɗakin cin abinci na otal, inda muke zuba basira mutane suna tambayarmu hanyar banɗaki.

Ana cikin shirin nan muka samu aikin wani bikin 'yan Labanan a wani otal kusa da bakin ruwa. Ranar da yamma aka riƙe Yaya a wajen aiki, wani Alhaji daga Kano ya tayar da ƙura wai an loda masa injinan markaɗe a kwantenar da ba tasa ba. Yaya ya bugo waya ya ce mu wuce da bayolin ɗinsa, yana tafe. Muka zauna, baƙi suka cika, babu Yaya. Matar da ke kula da bikin ta zo kanmu ta ce ko mu fara yanzu yalla, ko kuma halas mu tattara, ta kunna na'ura. Mahfuza ta kalle ni, Labaran ya kalli silin. Kiɗa yana iya tafiya da ɗingishi in babu biyola, amma ba ya tafiya in babu muryar sama, Mahfuza kuma ta rantse ba za ta iya riƙe muryar saman ba. Na ajiye biyolata a kan kujerata, na buɗe akwatin Yaya, na zauna a wurinsa.

Mun yi nisa kaɗan sai ga shi ya shigo, gumi sharkaf, ya ɗora kwat a kan rigar aiki. Ya tsaya ya gan ni a kujerarsa da gogensa a wuyana. Wallahi Anti da ƙasa za ta tsage da na shige da takardar kiɗan gaba ɗaya. Daidai lokacin kuma aka buɗe ƙofa amarya ta taho, kowa ya miƙe, babu halin a tsaya a yi musanya. Kujera ɗaya ce babu kowa, abu ɗaya ne a kanta. Ya ɗauki biyolar nan da yatsa biyu kamar an miƙa masa jaririn wasu da jiƙaƙƙen ƙunzugu, ya zauna. Ashe a Masar an tilasta musu koyonta, bai taɓa faɗa mana ba.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Shekarun da na yi da biyolar nan ban taɓa sanin tana da wannan murya a cikinta ba. Hannun nan da ya yi wa bayolin yawa, a nan ya zauna ɗas. Murya ta fito mai kauri, mai sanyi, kamar dattijo yana lallashin jikansa. Tunda kuma a tsakiya yake, babu inda zai ruga, dole ya saurare mu. Ni kuma na ɗaga kai kawai, kowa ya biyo ni. Ranar muka fara tare, muka ƙare tare, abin da Goggo ta fasa kofi biyu tana nema. Labaran yana kaɗawa yana hawaye. Goggo tana can baya, don duk bikin da za mu je sai ta bi mu saboda shinkafa, na hango ta ta ajiye cokali da abinci a kai. Wanda ya san Goggo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Muka shiga tasi. Sai da muka kusa gida Yaya ya ce abin da ya faru tsautsayi ne, kuma duk wanda ya sake tayar da zancen ba shi ba shi. Ya karɓi bayolin ɗinsa ya yi ta goge shi da hankici kamar ɓarawo ne ya taɓa.

Washegari Goggo ta tsare mu mu uku kafin ya iso. Ta ce in dai za a ɗauki bidiyo, to yadda aka zauna a bikin nan haka za a zauna, in ba haka ba ita ba za ta sa hannu ba, don ba ta tsufa don ta yi ƙarya ba. Na ce to ta faɗa masa mana, ai ita ce malama. Ta ce a'a, wannan maganar cikin gida ce, ita baƙuwa ce. Labaran ya ce shi Yaya ne ya yi masa hanyar aikin da yake ci, bakinsa ba zai iya ba. Mahfuza ta ce tana da olsa, likita ya hana ta tashin hankali. Suka juyo gaba ɗaya suka zuba min ido, wai ai ni jininsa ce, ba zai cinye ni ba.

Na gwada, Anti. Na sayo masa shawarma mai kyau na same shi a ofis, na zauna, na buɗe baki, sai na ji kaina ina ba shi labarin ciwon gwiwar Umma. Na sake komawa. Na ce masa dama akwai wata magana, sai ya katse ni da murna, wai jiya ya yi waya da Baba, ya gaya masa shi zai jagoranci ƙungiya zuwa Turai, kuma a karo na farko Baba ya ce Allah ya sa albarka a goge. Mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana jiran wannan kalma. Na haɗiye maganata na ce Allah ya sanya alheri.

Kada ki ɗauka ni ma waliyiya ce. Kujerar nan ta yi min daɗi. Tun ranar nake ɗaukar bayolin ɗin Mahfuza in tana wanka. Ina son wurin, ina jin zan iya, kuma ina jin kunyar son da nake yi, don duk abin da yatsuna suka sani shi ya zuba musu. Babur ɗinsa ya sayar ya saya min biyolar da yake zagi.

Abu na ƙarshe, ban gaya wa kowa ba. A gidan Goggo nake barin biyolata saboda wahalar bas. Kwanan nan in na buɗe akwatin sai in tarar an ɗaure tsirkiyoyin daidai, wurin da ake ɗora haɓa kuma yana ƙamshin turaren oud irin mai nauyin nan. Goggo ba ta shafa oud. Mutum ɗaya na sani da ke wanka da shi.

Anti, in yi shiru mu rasa damar mu huɗu, ko in yi magana in rasa yayana? Ki taimake ni.

Taki,
Ƙanwa Mai Goge, Dubai.

*

Wa alaikumus salam 'yata.

Sai da na sa jikata ta nuna min irin kiɗan naku a waya kafin in ɗauki biro. Na ga mutum huɗu sun ɗaure fuska kamar masu rabon gado, amma abin da ke fitowa akwai daɗi, na yarda sana'a ce. Allah ya yi mata albarka.

Zan fara da mutanenki uku. Ba su kyauta ba. Sun ga wuta sun tura wadda ta fi kowa saurin ƙonewa. Goggo musamman: wanda ya kafa sharaɗi shi ke faɗarsa da bakinsa. Ki koma ki gaya mata cikin ladabi cewa hukunci a kan kiɗa nata ne, ita za ta furta shi. Abin da ke naki shi ne maganar da ke tsakaninki da ɗan uwanki, wannan kuwa babu mai yi miki ita. Olsar Mahfuza kuma a ba ta kunu, za ta lafa.

Sai ki tsaya ki dubi abin ta idon yayanki. Ke kujera kike gani. Shi kuwa abin da yake gani shekarun da ya sha gori ne, da ƙungiyar da ya tara da hannunsa, da albarkar da mahaifinku ya sa masa jiya jiyan nan. Ya yi shekaru yana kushe biyola a gabanku, yanzu in ya ɗauke ta dole ya haɗiye maganarsa a bainar jama'a, namiji kuwa ya gwammace ya haɗiye ƙaya. Sannan ki yi wa kanki adalci: yamma ɗaya kika yi a wurin, ranar da tsoro ya sa kowa ya buɗe kunne. Jagoranci na kullum wani abu ne daban. Ranar da kiɗa ya watse, kan na gaba ake dubawa, kuma shi ya daɗe yana ɗaukar wannan ba tare da kun gode masa ba.

Amma ke ma kina da gaskiyarki, kuma ki daina jin kunyarta. Wanda ya koya miki ba don ki tsaya a inda ya ajiye ki ya koya miki ba. In ɗalibi ya kai, malami ne ya ci riba. Shirun da kike ganin ladabi ne ba naki ba ne ke kaɗai, akwai rabon mutum uku a ciki, har da na shi yayan. Ranar da ya gano an rasa Turai saboda kowa ya ji tsoron gaya masa gaskiya, wannan ciwon zai fi na yau, don zai san kun mai da shi abin lallaɓawa.

Ga abin da za ki yi, kuma cikin satin nan. Ki same shi shi kaɗai, ba a ofis ba, ba kuma da rakiya ba. Kada ki je a matsayin 'yar aiken taro, kada kalmar nan ta "an ce" ta fito daga bakinki, don da ya ji ta zai san an zauna a kansa. Ki faɗi naki. Ki gaya masa abin da kunnenki ya ji ranar bikin, yadda kika kwatanta min shi, don ni da ban san biyola ba sai da na ji ina son in ji ta. Ki gaya masa kina son ki gwada kujerar gaba, kai tsaye, ba tare da kewaye-kewaye ba. Sannan ki roƙe shi abu guda: a ɗauki kiɗa ɗaya sau biyu, sau ɗaya a zaman da kuka saba, sau ɗaya a zaman biki, a ba wani masani da bai san fuskokinku ba ya saurara da kunne kawai. Wanda ya fi, shi za a tura, Goggo ma ta amince da haka tun kafin a fara. Ta nan ba ƙanwa ce ta sauke yaya ba, kiɗa ne ya zaɓa. Ki shirya zuciyarki kuma, don mai yiwuwa kunnen baƙo ya zaɓe shi. In haka ta faru ki koma wurinki da fara'a, ki ci gaba da atisayenki a fili, ki bar satar na Mahfuza.

In an zaɓe ki, ki tuna kujera kawai kika karɓa. Ƙungiya tasa ce. Shi zai yi magana da yawunku, sunansa ne a gaba, abin da ya gaya wa Baba yana nan daram, babu ƙarya a ciki. Jikata ta ce min ma akwai ƙungiyoyin da ke musayar wuri daga wannan kiɗa zuwa wancan, ku tambayi Goggo ko hakan zai yi muku. Kuma kada a kai maganar nan Zariya. In ta shiga wayar Umma, ta tashi daga maganar kiɗa ta koma maganar tarbiyya, ba za ki ci wannan shari'ar ba.

Zancen turare kuwa, ki rufe shi ruf. Kada ki nuna kin sani, ko da wasa, ko bayan shekara ashirin. Mutumin da ke zagayowa a ɓoye yana ɗaure tsirkiya ya riga ya yi rabin tafiyar da ƙafarsa, ƙofar da zai shigo da rawaninsa a kai kawai yake nema. Ki ci gaba da mantuwa da akwatin a gidan Goggo.

In kin yi duk wannan ya ce a'a, kada ki yi fushi, kada ki yi yaji. Ku nemi Goggo ta sassauta, ku tura abin da kuke da shi, makaranta ba wannan shekarar kaɗai take ɗauka ba. Amma zuciyata tana ba ni ba za a kai nan ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar zumunci, ya sa a kira ku. In an kira ku, an ce min sanyin can ba ya wasa, ki sayi rigar sanyi biyu masu kauri: ɗaya ta mai bayolin, ɗaya ta mai biyola, ku raba a filin jirgi.

Taku,
Anti Sabuwa.